Bayan Dashen Ɓargo, Wa Zai Tsare Gida?

A cikin shekarar 2024 ne aka ba da sanarwar cewa likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wanda ke Idi-Araba, tare da haɗin guiwar Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, sun fara yi wa masu ciwon sikila dashen ɓargo. Kafin wannan kuwa, tun a 2011, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin ya riga ya yi irin wannan aiki na farko a ƙasar nan, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye, inda aka ɗebi ɓargon wani yaro aka dasa wa ɗan'uwansa mai sikila. Ko shakka babu wannan abin farin ciki ne, musamman ga ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar yara wajen 150,000 da wannan ciwo a cikinta kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa a jini.

Duk gidan da aka taɓa kwana a zaune a kan yaron da amosanin jini ya tasar wa, ana matsa masa ƙafa yana kuka, ba sai an gaya musu darajar wannan labari ba. Shi ya sa magana ta bazu a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, kowa yana tambayar nawa ne kuɗin, yaya kuma ake samun shiga. To, amma akwai wata tambaya da ba a cika yin ta ba, alhali kuwa ita ce ke raba wanda zai koma gida da ƙafarsa da wanda ba zai koma ba. Tambayar ita ce, idan an gama dashen, wa zai tsare jikin mara lafiya daga ƙwayoyin cuta kafin sabon ɓargon ya kafu?

YADDA GIDA KE ZAMA BA MAI GADI

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake nufi da dashen ɓargo. A cikin ɓargon ƙashi ne Allah ya ajiye uwayen ƙwayoyin jini, watau waɗanda ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Mai sikila ɓargonsa ne ke ƙera jajayen ƙwayoyi masu lanƙwasa kamar lauje, mai sankarar jini kuma nasa ɓargon ne ya lalace yake ta zubo fararen ƙwayoyi marasa amfani. Maganin duka biyun na iya zama ɗaya: a kawar da tsohon ɓargo da magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da haske, sannan a ɗura uwayen ƙwayoyin wani mutum mai lafiya ta jijiya, kamar yadda ake ƙarin jini. Da kansu za su nemi hanya su shiga ƙashi su zauna. Likitan Amurka E. Donnall Thomas, wanda ya daɗe yana wannan aiki tun shekarun 1950, ya sami lambar yabo ta Nobel saboda shi a 1990. A 1984 kuma aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka mai sankarar jini da sikila a haɗe, wadda aka yi wa dashe saboda sankarar, sai ga shi sikilar ma ta tafi.

Matsalar ita ce, magungunan da ke kawar da tsohon ɓargo ba sa barin dakarun jiki. Daɗin daɗawa, bayan dashen ma sai an ci gaba da ba mara lafiya wasu magunguna masu kwantar da garkuwar jiki, don kada jikinsa ya ƙi baƙon ɓargo, kada kuma baƙin ƙwayoyin su juya su far wa fatarsa da hanjinsa da hantarsa. Wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini sukan dawo cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma akwai wani jinsi da likitoci ke kira ƙwayoyin T, waɗanda su ne gwanayen farautar bairos, su kam sukan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin su dawo da ƙarfinsu. A tsakanin nan jikin mutum tamkar gida ne da aka sallami maigadi, aka kuma cire ƙyaure.

Ɓarawon da aka fi tsoro a wannan lokaci kuwa ɗan gida ne. Akwai wasu ƙwayoyin bairos da mutum ke kamuwa da su tun yana yaro, ta hanyar miyau ko nono ko cuɗanya, ya warke ba tare da ya ma san ya kamu ba, amma ba sa barin jiki har abada. Sukan laɓe ne kurum, ƙwayoyin T na danne su. Kowa ya san ƙurajen nan da kan feso wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi, su tafi, su sake dawowa wata shekara. To, danginsu ne. Daga ciki akwai wanda ake kira CMV, mai kama huhu da hanji da ido, akwai EBV, wanda ke iya sa wasu fararen ƙwayoyi su yi ta hayayyafa har su zama sankarar kaluluwa. Akwai kuma BK, wanda ba danginsu ba ne amma shi ma laɓewa yake yi, idan ya tashi sai ya ƙona mafitsara mutum ya riƙa fitsarin jini cikin azaba. Sai adino, wanda ga mai lafiya mura ce ko jan ido ko gudawa ta 'yan kwanaki, ga yaron da aka yi wa dashe kuwa yana iya zama ajali.

Shi EBV ɗin nan ma ba baƙo ba ne a Afirka. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana wata sankarar muƙamuƙi ta yara a Yuganda a 1958, daga naman irin wannan ƙari ne kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairos ɗin a Landan a 1964. A Asibitin Koyarwa na Badun ma, a 1963, wani masani mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin irin wannan ƙari daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya, kuma har yau ɗakunan bincike na duniya suna aiki da zuriyar waɗannan ƙwayoyi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da EBV, CMV kuma a ƙasashen Afirka kusan kowane baligi ya taɓa haɗuwa da shi.

Akwai magungunan kanti na wasu daga cikin waɗannan cututtuka, amma kowanne da nasa cizon. Ganciclovir, wanda aka fi ba mai CMV, yana danne ɓargo, watau abin nan da aka sha wahala aka dasa. Foscarnet da cidofovir kuma ƙoda suke taɓawa. An sami sauƙi da fitowar letermovir a Amurka a 2017, wanda ake bayarwa don rigakafin CMV, da maribavir a 2021 don wanda ciwon ya gagari sauran magunguna, sai dai suna da tsada, kuma CMV kaɗai suke yi wa aiki. Bugu da ƙari, magani danne bairos yake yi muddin ana shan sa. Ran da aka daina, idan dakarun jiki ba su dawo ba, sai ciwo ya sake ɗagowa.

ARON DAKARU

Wannan ne ya sa masana suka yi wani tunani mai sauƙin faɗa. Tunda abin da mara lafiya ya rasa shi ne ƙwayoyin T da suka san bairos, shi kuma wanda ya ba da ɓargon yana da su a jininsa, me zai hana a ɗebo su a ba shi? A 1994 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke birnin New York suka ba da rahoton mutum 5 da sankarar EBV ta kama bayan dashe, aka ɗura musu fararen ƙwayoyin jinin waɗanda suka ba su ɓargo, sankarar ta ja da baya. Sai dai da yake an ɗebo ƙwayoyin ne a cakuɗe ba tare da tacewa ba, a jikin wasu sai baƙin dakarun suka juya suka far wa mai gidan. Ɗauki ya koma yaƙi ke nan.

Dabarar da ta fi ita ce a zaɓo dakarun da suka san bairos ɗin kaɗai, a bar sauran. Stanley Riddell da Philip Greenberg na cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle su ne suka fara nuna haka a 1992, inda suka ware ƙwayoyin T masu yaƙi da CMV daga jinin mai bayarwa, suka raya su a ɗakin bincike har suka yi yawa, sannan suka ɗura wa marasa lafiya. A 1995 suka ba da rahoton mutum 14 da aka yi wa haka, babu ko ɗaya da CMV ya tasar wa. A wannan shekarar dai Cliona Rooney da Helen Heslop da abokan aikinsu a asibitin yara na St. Jude da ke Memphis suka yi irin wannan a kan EBV. Da suka tattara sakamakon aikinsu a 2010, mutum 114 ne aka ba ƙwayoyin. Daga cikin 101 da aka ba don rigakafi, babu wanda sankarar EBV ta kama. Daga cikin 13 da ciwon ya riga ya kama ko ake kyautata zaton ya kama, 11 sun warke sarai. Har ila yau an ga ƙwayoyin da aka ɗura suna nan da rai a jikin wasu bayan shekara 9.

Da farko raya waɗannan ƙwayoyi yakan ci wata biyu zuwa uku, wanda kuwa bairos ya shiga huhunsa ba shi da wata uku na jira. Daga baya aka gano hanyoyin da suka rage aikin zuwa kamar mako biyu, aka kuma sami wata hanyar da ake tsamo ƙwayoyin kai tsaye daga jinin mai bayarwa da na'ura cikin kwana ɗaya ko biyu. Sannan aka ƙara gaba: maimakon a jira mai ɓargon, sai a tara ƙwayoyin mutane masu lafiya da dama, a daskarar da su cikin sanyi, a ajiye kamar rumbu, duk ran da bukata ta taso a duba wanda ya fi dacewa a narkar a bayar. A Edinbara ta ƙasar Sikotilan aka fara gwada irin wannan rumbu, inda a 2007 aka ba da rahoton mutum 33 masu sankarar EBV bayan dashe iri-iri, kusan rabinsu suka sami sauƙi. A 2013 Ann Leen da abokan aikinta na Kwalejin Baylor da ke Houston suka ba mutum 50 da CMV ko EBV ko adino ya gagari magani a jikinsu, kashi 74 cikin ɗari suka sami sauƙi. A 2017 wannan cibiya dai ta gwada ƙwayoyin da aka horar a kan bairos iri 5 lokaci guda a jikin mutum 38, aka sami kashi 92 cikin ɗari. A watan Disamba na 2022 kuma Tarayyar Turai ta amince a sayar da Ebvallo, wanda ƙwayoyin T ne na rumbu, don masu sankarar EBV bayan dashe waɗanda maganin farko bai yi musu aiki ba.

To, amma gaskiya ɗaya ce, kuma wajibi ne a faɗe ta duka. A watan Disamba na 2023 kamfanin AlloVir na Amurka ya dakatar da manyan gwaje-gwaje 3 da yake yi a kan ƙwayoyinsa na rumbu masu suna posoleucel. Dalili kuwa, da aka kwatanta waɗanda aka ba ƙwayoyin da waɗanda aka ba ruwan da ba magani a ciki, masu sa ido sun ga da wuya a sami bambancin da ake nema. Ba a ce ƙwayoyin sun cutar da kowa ba, amma ba su nuna amfanin da aka yi zato ba. Darasin da ke ciki shi ne, sakamakon ƙaramin gwaji da ba a kwatanta shi da komai ba yana iya ruɗin mutum, domin wasu marasa lafiyan da ma garkuwarsu na kan hanyar dawowa da kanta. Akwai kuma iyakokin da likitoci suka sani tun tuni. Ƙwayoyin rumbu, da yake na bare ne, ba sa daɗewa a jiki kamar na wanda ya ba da ɓargon, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda kuma ake ba magungunan danne garkuwa masu yawa, su ma ƙwayoyin da aka ɗura masa magungunan za su kwantar da su. Saboda haka duk wanda ya zo wa iyaye da zancen wata allurar ƙwayoyi mai maganin kowace cuta, yana neman kuɗi, ɗan damfara ne.

INDA ABIN YA SHAFI 'YAN AREWA

Wani zai ce, ƙasar da har yanzu zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke kashe yara, ina ita ina zancen raya ƙwayoyi a kwalba? Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a kwashe kuɗin rigakafin yara a kai ɗakin daskarar da ƙwayoyi. Amma fa an riga an fara dashen, a Binin da Legas, kuma iyaye da yawa sun riga sun sayar da gonaki da gidaje da shanu sun kai 'ya'yansu Indiya, suna dawowa da su gida cikin watannin nan masu hatsari. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda an buɗe wannan ƙofa, barin yaro ya tsira daga sikila sannan bairos ya ɗauke shi a wata na uku asara ce biyu, ta rai da ta dukiya.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a iya dogara da rumbunan Turai da Amurka ba ko da kuɗin na nan. Ƙwayoyin jikin mutum suna ɗauke da wata shaida da ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba, wadda likitoci ke kira HLA. Kamar yadda a da ake duban tsagar fuskar mutum a san ko Bagobiri ne ko Babarbare, haka ƙwayoyin T ke duban wannan shaida su san ɗan gida da baƙo. Ba sa ma iya ganin bairos ɗin da ya ɓuya cikin ƙwaya sai ta hanyar shaidar da suka sani, kuma gano wannan ne ya ba Peter Doherty da Rolf Zinkernagel lambar Nobel a 1996. Ke nan dole ƙwayoyin da za a ɗura su yi tarayya da mara lafiya a wani ɓangare na shaidar, in ba haka ba za su shiga jiki su yi ta yawo kamar makafi. Ita kuwa wannan shaida asali take bi, kuma mutanen Afirka sun fi kowa yawan ire-irenta. Rumbun da aka cika da jinin Turawa ba lalle ne a sami wanda ya dace da yaron Kazaure ko Gumel ko Argungu a cikinsa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan shaida ce dai ke sa neman mai ba da ɓargo ya yi wuya. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa gaba ɗaya ita ce ɗaya cikin huɗu, kuma a gidan masu sikila wani shaƙiƙin shi ma yana da ciwon, ba zai iya bayarwa ba. Ɗan uba kuwa, wanda gidajen Arewa ke cike da su, galibi iyakarsa ya dace da rabi. Shi ya sa likitoci suka koma ga dashen rabin dacewa, daga uwa ko uba ko ɗan'uwa. Wannan ya buɗe wa mutane da yawa hanya, amma yana bukatar a ƙara danne garkuwar jiki, idan kuwa aka ƙara danne ta, bairos ya ƙara samun fili. Ashe ke nan irin dashen da yawancin 'yan ƙasar nan za su samu shi ne wanda ya fi bukatar a yi masa tanadin masu gadi.

Sai dai akwai wata alfarma a ciki. A Turai sau da yawa akan sami mai ba da ɓargo wanda bai taɓa kamuwa da CMV ba, don haka jininsa ba shi da dakarun da suka san shi, raya su ya zama aiki mai wuya. A nan kuwa, tunda kusan kowa ya sha fama da waɗannan ƙwayoyi tun yana goye, jinin ɗan dako na Mile 12 da na mai sayar da raguna a Alaba Rago cike yake da irin dakarun da ake nema. Abin da babu shi ne tsari.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Gyaran yana da tsani, kuma daga ƙasa ake hawansa. Matakin farko shi ne gwaji. A ƙasashen da suka daɗe suna dashe, akan ɗebi jinin mara lafiya kowane mako, aƙalla cikin kwana 100 na farko, a ƙirga yawan bairos ɗin da ke ciki, domin a fara magani tun kafin ya ji ko da ciwon kai. Na'urorin da ke wannan ƙirga irin waɗanda aka zuba a jihohi ne lokacin annobar korona a 2020. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tabbatar cewa manyan asibitocin koyarwa, na Kudu da na Arewa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna da sinadaran wannan gwaji a kowane lokaci, a farashin da talaka zai iya, ta yadda yaron da aka yi wa dashe a Legas ko Indiya zai iya komawa kusa da danginsa ba tare da an daina sa masa ido ba. Mataki na biyu shi ne a tanadi magungunan kanti a cikin ƙasa, kada sai ciwo ya tashi a fara neman wanda zai taho da su a jaka daga waje.

Mataki na uku shi ne wanda ya kamata a fara aza harsashinsa tun yanzu, ko da ginin zai ɗauki shekaru. A zaɓi cibiya ɗaya tak, a horar da matasan likitoci da masu aikin ɗakin gwaji a wuraren da suka ƙware, a tanadar mata wutar da ba ta ɗaukewa, domin ƙwayoyin da aka daskarar idan suka narke ba a yi amfani da su ba sai su mutu. A fara da abin da hujjarsa ta fi ƙarfi, watau ƙwayoyin wanda ya ba da ɓargon da kansa, kuma a rubuta sakamakon kowane mara lafiya, mai daɗi da mara daɗi, a bayyana wa jama'a. Abin da ba a so shi ne kowace jiha ta ce sai ta gina nata, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara biyu gizo-gizo ya yi saƙa a kan na'ura.

Su ma jama'a suna da nasu rabon aikin. Tun a 2012 aka buɗe rajistar masu niyyar ba da ɓargo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, kuma irin wannan rajista ba ta da amfani ga ɗan Arewa sai idan 'yan Arewa sun shiga cikinta. An san cewa akwai tsoro, domin an daɗe ana raɗe-raɗin wai jinin da aka ɗiba a asibiti sayarwa ake yi ko a kai wa matsafa, baƙo a ƙasar wani kuma ya fi kowa saurin zargi. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a ɗauki abin da jiki ke mayarwa da kansa, kamar jini, daga wani a ba wani idan an cika sharuɗɗa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta cinikin jini da sassan jiki. Ɓargo da fararen ƙwayoyin da aka ɗiba jiki na mayar da su cikin 'yan makonni. A nan ne Sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi, ya kamata su gayyato likitoci su yi wa mutane bayani da Hausa, a yi tambaya a ba da amsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga iyayen da ke shirin kai ɗansu dashe kuwa, a gida ko a waje, kafin a biya ko kwabo ya kamata maigida ya zauna da likita ya tambaye shi dalla-dalla: sau nawa za a riƙa gwada jinin yaron don neman bairos, a ina, har zuwa yaushe, kuma idan an gani wane magani ke hannu? A ware kuɗin jinyar bayan dashe daban, kada a ƙarar da komai a kan dashen kansa. Wanda ya ba da ɓargon ma kada a sallame shi ya tafi cin rani inda ba za a same shi ba, domin mai yiwuwa a sake bukatar jininsa. Sannan a yi haƙuri da al'ada na ɗan lokaci. Dubiya abu ne mai lada, amma ɗaki cike da 'yan dubiya, wannan na tari wancan na atishawa, hatsari ne ga yaron da ba shi da garkuwa. Haka nan ɗaukarsa a motar haya a tafi gida Sallah ko biki tun likita bai ba da izini ba. Wanda ke ƙaunar yaron ya yi masa addu'a daga nesa, ya aiko da abin da ya sawwaƙa.

Likitocin Binin da na Legas sun yi abin a yaba musu, sun kuma nuna cewa ɗan ƙasa zai iya. Abin da ya rage shi ne hukuma ta cika musu kayan aiki, jama'a kuma su miƙa hannu a ɗebi jini, domin dakarun da za su tsare 'ya'yan ƙasar nan a jikin iyayensu da 'yan'uwansu suke. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.